Ƙaramin Babur Ya Ishi Mai Zirga-zirga A Ƙasar Jibiya?

Da zarar kaka ta yi, an sayar da gero da wake kuɗi sun shigo hannu, maganar da a kan fi ji a zaurukan ƙasar Jibiya ita ce ta sayen babur. Manomi yana so don zuwa gona da fadama, ɗan kasuwa yana so don bin kasuwanni, akawu kuwa don kada ya riƙa makara wurin aiki. Gardamar da a kan yi guda ce: shin ƙaramin nan mai si-si 100, irin su Boxer da Jincheng, ya isa, ko kuwa sai mutum ya ƙara kuɗi ya sayi babba mai 150? Ba ƙaramar magana ba ce, gama sau da yawa sai an haɗa da sayar da sa ko rabin rumbu kafin kuɗin su cika, wanda ya yi zaɓen tumun dare kuwa, shi da gyara sai wata kakar.

Da farko dai, mene ne si-si ɗin nan da a ke ta faɗi? Awo ne na girman cikin ramin da fistan ya ke kai da kawowa a cikin inji, inda fetur da iska su ke haɗuwa su ƙone. Si-si 100 kashi ɗaya ne cikin goma na lita, watau kamar cikin ƙaramin kofin shayi. Daga wannan ɗan rami a ke samun ƙarfin doki wajen takwas. Mai si-si 150 kuwa yana ba da wajen goma sha biyu. Kada a raina ƙaramin don jin an ce kofin shayi. A 1958 kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fito da wani babur mai si-si 50 kacal, mai suna Super Cub, masu rabon wasiƙu da masu kai abinci gida-gida suka yi ta aiki da shi. A 2017 yawan irinsa da aka ƙera ya kai miliyan 100, ba wani abin hawa mai inji da ya kama ƙafarsa.

To, a duba tafiyar da yawancin mutanen Jibiya su ke yi. Daga gari zuwa gonakin rani da ke shan ruwan madatsar Jibiya, wadda aka gina a kan kogin Gada, ko zuwa Magama bakin iyaka, ko daga ƙauye zuwa kasuwa ran Lahadi, da wuya tafiyar ta wuce kilomita 10 zuwa 15. Ƙaramin babur mai lafiya, da mutum ɗaya a kai, lita guda takan kai shi kilomita 40 zuwa 50 a kan kwalta. Ashe ke nan manomin da gonarsa ke da nisan kilomita 10, rabin lita ya ishe shi zuwa da dawowa. Irin wannan mutum in ya sayi babba, ya sayi ƙarfin da ba shi da wurin kashe shi, ga shi kuma kullum sai ya ciyar da shi.

Maganar ciyarwar nan ba mutanen da suka san ta kamar na bakin iyaka. A watan Nuwamba na 2019, lokacin da iyaka ke rufe, Hukumar Kwastan ta hana kai fetur gidajen mai da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka, Jibiya kuwa tana ciki. Mutane suka koma sayen na kwalba a hannun 'yan bumburutu. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin mai, litar da ba ta kai N200 ba ta haura N500 nan da nan, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce N1,000 a wurare da yawa. A irin waɗannan kwanaki ne mai ƙaramin babur ya ke gane ya yi dabara, don kwalba ɗaya takan yi masa kwana biyu.

Akawu ko malamin makaranta da ke kwana a Katsina yana aiki a Jibiya, nasa lissafin dabam ne. Tsakanin garuruwan nan biyu kimanin kilomita 45 ne, watau 90 ke nan kowace rana, 450 a kwana biyar na aiki, kusan 2,000 a wata. Ƙaramin babur yana iyawa, ba shakka, in an bi shi a hankali wajen kilomita 60 a awa. Lita biyu za ta yi masa yini. Amma in aka ce kullum sai an murɗe shi iyakar ƙarfinsa don a cim ma lokaci, injin ba ya samun sararawa, kuma in babbar mota ta tare gaba, ba shi da sauran ƙarfin da zai wuce ta da sauri. Nan ne kaɗai mai 125 ko 150 ya ke da hujja ta gaskiya. Ko da ya ke hanyar Katsina zuwa Jibiya ta yi suna wajen yawan shingayen bincike, har ma mai babban injin ba ya daɗewa yana gudu kafin ya taka birki.

Yanzu sai babbar magana, watau kaya. Yawancin waɗanda ke kukan ƙaramin babur ba shi da ƙarfi, in aka bincika, ba zirga-zirga su ke yi da shi ba, dako su ke yi. Masu ƙera shi sun yi shi ne don mutum biyu da ɗan ƙunshi, watau kilo 150 ko kusa da haka. Shi kansa nauyinsa bai fi kilo 100 da 'yan kai ba. To, buhun takin zamani kilo 50 ne. Mai babur da buhu ɗaya, lafiya lau. Da buhu biyu, an zo bakin iyaka. Babban buhun gero kuwa wajen kilo 100 ne, saboda haka mutum mai kilo 65 da buhu ɗaya sun riga sun cika ma'auni har sun ɗan zarce. Amma ran Lahadi sai a ga an ɗaure buhu biyu a kariya, direba ya hau kan tanki, wani lokaci har da yaro a bisa kayan. Wannan ya haura kilo 260.

Babur ba ya magana, zai ja. Sai dai biyan bashin yana nan tafe. Kuloci ne ya kan fara ƙonewa, don sai an yi ta jan sa rabi-rabi kafin a tashi. Sa'an nan sarƙa ta miƙe ta cinye haƙoran da ta ke hawa, shokazoba ta mutu, wayoyin ƙafar baya su riƙa tsinkewa ɗaya-ɗaya, taya ta yi zafi ta fashe. Mafi muni shi ne birki. Nauyin duka ya koma baya, ƙafar gaba ta yi sakayau ba ta kama ƙasa sosai, in akuya ta gitta ba tsayawa. Wanda ya ce zai sayi mai 150 don ya magance wannan, ya lura da abu guda: an ƙara masa ƙarfin ja ne, amma ƙafafun nan biyu ne dai, birkin kuma bai fi na ƙaramin da wani abin kirki ba. Babban inji yana sa mai kaya ya yi gudu, ba ya sa shi ya tsaya. Buhu biyu zuwa sama aikin amalanke ne ko a-kori-kura, kuɗin dakon kuwa bai kai na sake kuloci da sarƙa ba, balle na ɗori.

Kwandon tumatir da na attarugu su kuma ba nauyi ne aibinsu ba, faɗi ne. A ɗaure su ƙasa-ƙasa, gefe da gefe daidai wa daida, kada a tula su sama iska ta riƙa kaɗa babur.

Sai kuma halin ƙasar. Jibiya ƙasar jigawa ce, da an sauka daga kwalta sai rairayi. A nan ƙaramin babur ya fi babba daɗin sha'ani, don in ya kafe mutum ɗaya yana iya sauka ya tura shi, ko ya ɗaga bayansa. Amma akwai abin lura. Injin nan iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ba. A cikin rairayi yana aiki da ƙarfi a giya ta ɗaya ko ta biyu, tafiya kuwa kaɗan, saboda haka iskar ba ta isarsa. Da bazara, sa'ad da zafi ke wuce awo 40, ya kamata in an yi doguwar tafiya cikin yashi a tsaya a inuwa ya huce. Kada a watsa masa ruwan sanyi yana da zafi, ƙarfe ya kan tsage. Da damina kuma, kowa ya tuna ambaliyar watan Yuli na 2018 ya san ruwan Jibiya ba abin wasa ba ne. Koramar da ke gudu ba a shiga ta da babur, babba ko ƙarami, in ma mutum ya tsira, ruwan da ya shiga inji ya gama da shi.

Ƙurar hunturu ita ce ke cin inji a ɓoye. Akwai wani soso da ke tace iska kafin ta shiga kafireta. In ya toshe babur ya kan yi nauyi ya riƙa shan mai, in kuma ya yage ƙura ta wuce ta goge fistan da ringi kamar an sa musu yashi. Waɗansu makanikai su kan cire shi su jefar wai don babur ya ƙara gudu. Kada a yarda. A wanke shi kowane mako biyu lokacin ƙura. Baƙin mai kuwa, da ya ke wajen lita ɗaya ce tak a cikin injin, da wuri ya ke gajiya. A yi juye kowane kilomita 1,500 zuwa 2,000, watau akawun nan na Katsina kowane wata, manomi kuwa bayan wata uku. Tsohon samfurin Jincheng mai hayaƙi, wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur, shi kuma a tabbata ɗan tankinsa na mai bai bushe ba.

Akwai wani abu da girman inji ba ya magani, shi ne halin tsaro. A ƙarshen watan Agusta na 2021 Gwamnatin Jihar Katsina, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana goyon mutum uku a babur, ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, duk saboda 'yan bindiga da babur su ke ta'adi. Babur dukiya ce da ɓarawo ke so, sabo mai ƙarfi kuwa ya fi jan ido. Mai zuwa gona mai nisa ya yi lissafi da wannan, ya kuma dawo gida da sauran rana.

Wanda kuɗinsa ba su kai na sabo ba, zai sayi na hannu, ya je da makanikin da ya yarda da shi, su tayar da injin da safe tun yana da sanyi. In shuɗin hayaƙi ya fito daga salansa, alhali ba irin mai hayaƙin ba ne, ringi ya tafi. A duba lambar inji da ta jikin babur su dace da abin da ke cikin rasit, a kuma yi cinikin gaban shaidu. Mai ƙetarawa Ɗan Isa ko Maraɗi ya riƙa tafiya da takardun nan a aljihu tare da hular kwano, don jami'an Magama da jandarmomin Nijar ba si-si su ke tambaya ba, takarda su ke tambaya.