Yanke Hoto: Me Za Ka Bari, Me Za Ka Cire?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau zancen yanke hoto za mu yi, abin nan da muke kira kurofin. Bari in fara da abin da ya faru da ni.

Ranar bikin ƙanwata na ɗauki kakarmu hoto tana zaune kan tabarma tana dariya. Da na duba, ga igiyar shanya a bayanta, ga bokiti, ga rabin jikin wani yaro. Saura kaɗan in goge. Sai wani abokina mai ɗaukar hoton biki ya ce, "Kawo wayar." Cikin minti ɗaya ya yanke tarkacen nan, ya bar fuskarta da hannunta riƙe da goro. Bayan 'yan watanni ta rasu, Allah ya jiƙanta. Yau wannan hoton ne a wayar kowa a gidanmu. Tun ranar na ɗauki yankan hoto da muhimmanci.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Kun san hoton Che Guevara da ake bugawa a riguna? Alberto Korda ne ya ɗauke shi a Habana, babban birnin Kyuba, ranar 5 ga Maris, 1960. A asalin hoton akwai gefen fuskar wani mutum a hagu, da ganyen bishiya a dama. Da aka yanke su, sai fuskar ta cika hoton, ido ya rasa inda zai je sai kanta.

To, ya ake yi? Ga abubuwan da na koya.

Na farko, kafin ka taɓa komai, tambayi kanka: wannan hoton na waye, ko na mene ne? In na fuskar amarya ne, duk abin da ba ya taimaka wa fuskar, kamar wayar wuta ko kwalin lemo a ƙasa, ya fita. Ka riƙa duba gefuna huɗun nan, don a nan ɓarna take ɓuya.

Na biyu, tsarin kashi uku. In ka shiga wajen yanka a wayarka, za ka ga layuka biyu a tsaye, biyu a kwance, sun raba hoton gida tara kamar gidan dara. Ba ado ba ne. Ɗora abin da ka fi so a gani a kan ɗaya daga cikin mahaɗa huɗun da layukan suka gitta, maimakon tsakiya cak. In mutum ne, idanunsa su hau layin sama. Wannan dabara ta girmi kyamara ma, domin wani Baturen Ingila, John Thomas Smith, ya rubuta ta tun 1797 yana magana kan zane. Amma fa ba doka ba ce. In ƙofar gida ce mai ado iri ɗaya dama da hagu, tsakiya ta fi dacewa da ita.

Na uku, bar wa mutum wurin kallo. In yana duban dama, bar fili a dama. In ka yanke daf da hancinsa, sai ya zama kamar an tura shi jikin bango. Haka mai keke ko doki a hawan sallah, bar masa fili a gabansa, inda ya dosa.

Na huɗu, kada ka yanke mutum a gaɓa. Wuya, gwiwar hannu, wuyan hannu, gwiwa, idon sawu, duk ka kauce musu, in ba haka ba sai ya yi kama da wanda aka guntule. Yanke a tsakiyar cinya, ko ƙasan ƙirji, ko tsakiyar damtse.

Na biyar, miƙar da hoton. In bango ko layin da ƙasa ta haɗu da sama ya karkace, juya shi kaɗan har ya daidaita. Amma juyawa tana cin gefuna, shi ya sa nake fara miƙarwa kafin in yanke.

Na shida, san inda za ka ɗora shi. Yawancin wayoyi suna ɗauka a ma'aunin 4:3. Sitatus na WhatsApp 9:16 ne, a tsaye. YouTube 16:9, a kwance. A Instagram, 4:5 ya fi 1:1 cika fuskar waya. Hoton furofayil kuma da'ira ake mai da shi, don haka kusurwoyi za su tafi. 'Yan uwa mata masu sayar da atamfa ko turaren wuta a intanet, ku lura da wannan, kada manhaja ta yanke muku rabin kaya.

Yanzu ga inda mutane ke faɗawa. Yanka yana cin ingancin hoto. Hoto mai megafiksel 12 yana da ɗigo 4000 a faɗi, 3000 a tsayi. In ka yanke rabin faɗin da rabin tsayin, saura 2000 da 1500, wato megafiksel 3. Kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, ba rabi ba. Ni na ɗanɗana wannan. Da na kai hoton kaka a wanke mini babba, sai ya fashe, domin wanda aka turo ta WhatsApp na kai, ga yanka ga matsewa. Sa'ata ɗaya, na asalin yana nan. Saboda haka kullum ka yanke kwafi, ka adana na asali. In kuma da hali, matsa kusa tun lokacin ɗauka.

Abu na ƙarshe shi ne amana. A watan Janairun 2020, a taron Davos, kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar da hoton matasa masu fafutukar kare muhalli, ciki har da Greta Thunberg, amma an yanke Vanessa Nakate 'yar Yuganda, ita kaɗai baƙar fata a cikinsu. Duniya ta yi caa, kamfanin ya nemi afuwa. Cire bokiti gyara ne. Cire mutum don a ɓoye cewa yana wurin, wannan sauya labari ne.

Ga aikin gida. Zaɓi hoto ɗaya da ka kusa gogewa, ka yanke shi kala uku: ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, ɗaya kusa sosai. Jera su ka ga wanne ya fi faɗin abin da kake nufi, ka nuna wa wani a gida ka ji ko zaɓinku zai zo ɗaya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.