Kashin kare da juwar tumaki: koya wa karenka wuri guda

A ranin da ya wuce, wani dattijo makiyayi a yankin Dakwaro ya sa aka kira ni in duba masa wata tunkiya Balami. Na tarar da ita ta karkatar da kai gefe guda, tana ta zagaye wuri ɗaya, in ta gaji sai ta jingina goshi da turke. Ya ce ita ce ta uku cikin shekara guda, kuma duk allurar da aka ce a yi, ya yi.

Na ce masa: "Baba, kan waɗanda suka riga ta, ina aka kai su?"

Ya ce: "Haba likita, wa zai ci kan dabba mai juwa? Karnuka muka jefa wa."

Kafin mu gama magana, ga ɗaya daga cikin karnukan nan ya tsuguna gindin rumbun harawa. Da aka yanka tunkiyar muka fasa kan, sai ga wata jakar ruwa kamar ƙwan kaza zaune cikin ƙwaƙwalwa, da fararen ɗigo-ɗigo manne a jikinta. Na nuna masa, na ce kowane ɗigo kan tsila ne, yana jiran kare ya haɗiye shi.

Yadda cutar take zagayawa

Tsilar tana zama cikin hanjin kare, kuma sau da yawa karen ba ya nuna alamar komai. Ƙwayayenta suna fita cikin kashinsa, ido ba ya ganinsu. Su bazu kan ciyawa, harawa, dusa ko ruwan kwami. Tunkiya ko akuya ta haɗiye, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ya bi jini har ƙwaƙwalwa, ya zama jakar ruwa. Sai bayan watanni juwar take bayyana, shi ya sa mai dabba ba ya tuna kare. In aka jefa wa kare kan, cikin kamar sati shida ya soma zubar da sababbin ƙwayaye.

Akwai wata ƴar ƙaramar tsila, tsawonta bai kai santimita ɗaya ba, wadda hanyarta ke nan ita ma. Ita ce ke sa jakunkunan ruwan da mahauta ke gani a hanta da huhun tumaki, shanu da raƙuma. Wannan tana kama mutum. Ba ta cin naman ake ɗaukarta ba, ta kashin kare ne: hannun da ya shafa kare ya shiga ƙwarya, salati da ba a wanke ba, yaro mai wasa da ƙasa. Jakar takan yi shekaru tana girma a hanta ko huhu, wani lokaci sai an yi aiki a asibiti.

Zafin rana da busasshen rairayi suna kashe ƙwayayen da wuri. Inda suke daɗewa shi ne wuri mai laima da inuwa: bakin rijiya, gindin kwami, cikin garka, ƙarƙashin tarin harawa. Nan ne kuma kare yake son kwanciya lokacin zafi.

Ba kowace juwa ce ta tsila ba, akwai wasu cututtuka masu sa dabba zagaye. Saboda haka a kira malamin dabbobi ya duba kafin a yanke shawara. Amma in ta tsila ce, babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da ita a garke. Rigakafinta yana wajen kare.

Zaɓen wuri

Makiyayi ba ya rabuwa da kare. Shi ke korar dila da ɓarawo, shi ke tashe ka cikin dare. Abin da ake so shi ne ya san inda zai yi kashi, kamar yadda maraƙi ya san turkensa.

Zaɓi wuri guda bayan gida ko bayan garke, mai rairayi, wanda rana ke dukansa sosai. Ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, kada ya zama inda ruwan sama ke gangarowa zuwa tafki ko garka, kada kuma ya zama hanyar da ƴan raguna ke bi. Kusa da shi a gina rami mai zurfin kamar mita ɗaya, a rufe bakinsa da tsohon kwano ko itace.

Koyar da ɗan kwikwiyo

Kwikwiyo ɗan wata biyu zuwa uku shi ya fi saurin ɗauka. Cikinsa yana da lokaci: da ya tashi barci, da ya gama cin abinci, da ya gama wasa. Bayan ci, yawanci ba ya wuce rabin awa. Waɗannan lokutan ne za ka kama.

Ka riƙa ba shi abinci a lokaci ɗaya kullum, safe da marece, da rana ma in ƙarami ne. In abinci yana da lokaci, kashi ma yana da lokaci. Da ya gama, sa masa igiya ka ja shi zuwa wurin. Ka tsaya shiru, kada ka yi masa wasa. Da ya tsuguna, faɗi kalma guda wadda ba za ka canza ba, misali "yi nan". Yana gamawa, nan take ka yaba masa da murya mai daɗi, ka jefa masa ɗan ƙanzo ko loma ta tuwo. In ka bari sai kun koma gida, ba zai san ladan mene ne ba. In minti goma ya wuce bai yi ba, mayar da shi turke, ka sake gwadawa bayan ɗan lokaci.

A kwanakin farko ka bar ɗan kashinsa kaɗan a wurin, ka yayyafa ƙasa sama. Kare da hanci yake gane makewayinsa.

Ka lura da alamu: shinshinar ƙasa, zagaye, barin wasa farat ɗaya. In ka gan shi zai tsuguna inda bai dace ba, tafa hannu sau ɗaya, ka kai shi wurinsa. In kuwa ka tarar ya riga ya yi, duka ba ya gyara komai. Ni ma na yi wannan kuskure da karen gidanmu ina yaro: na buge shi, na tura hancinsa ciki. Abin da ya koya shi ne ya ɓuya bayan rumbu ya yi inda ba na gani. Kwashe kawai, ka kankare ƙasar wurin, ka zuba toka don warin ya ɓace.

Aikin yana son mutum ɗaya tsayayye. In yaro ne ke kula da karen, a nuna masa, kuma kowa a gidan ya yi amfani da kalma guda. Cikin ƴan satuttuka kwikwiyo yakan soma nufar wurin da kansa, amma sai ya kai kamar wata shida yake iya riƙewa sosai. Babban kare ma yana koyo, sai dai ya fi son haƙuri: ya kwana a ɗaure, da asuba a fara kai shi wurin kafin a sake shi.

A hanyar kiwo da cikin garka

Ba wanda zai bi kare daji yana ƙirga inda ya tsuguna. Amma in ya yi na safe kafin a saki garke, ya yi na marece bayan ya ci, mafi yawa ya faɗa inda kake so. In an zo mashaya, a riƙe shi gefe, a ba shi ruwa a kaskonsa, kada ya shiga kwami. Masu tafiya arewa da damina, duk inda aka sauka a ware masa wuri tun ranar farko, nesa da turken maruƙa. Kalmar da ya saba da ita ita ce za ta nuna masa sabon wurin.

Garkar salati, shu da karoti kuwa, kare ba ya shiga ko kaɗan. A gyara darni, a sa ƙyaure. In ana son ya yi gadi, a ɗaure shi daga waje. Kashin kare ba taki ba ne, kada a haɗa shi da na shanu. Kullum a kwashe da hauya a zuba a rami, a bi da ƙasa, a wanke hannu da sabuni.

Abu biyu da za a haɗa da horo

Na farko, maganin tsila. Sunansa Praziquantel, miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin kare. Ƙwaya mai miligiram 50 ta ishi kare mai kilo 10. Inda cutar ta yi yawa, a ba shi duk sati shida. In ba hali, kada a wuce wata uku. Maganin yana kashe tsila amma ba ya kashe ƙwayayenta, don haka a ɗaure karen kwana biyu zuwa uku bayan ya sha, a binne ko a ƙone duk abin da ya fitar. Albendazole da kuke ɗura wa tumaki ba ya maye gurbinsa.

Na biyu, kada kare ya ci ɗanyen kai, hanta ko huhu mai jakar ruwa, ko mushe. A ƙone, ko a binne da zurfi a ɗora dutse. A kula sosai ranar Layya da ranar kasuwa, lokacin da kayan ciki ke yawa a ƙasa.

Karen maƙwabci yana bin burtalin da naka ke bi. Shi ya sa aikin ya fi kyau a ƙungiyance: a tsayar da rana guda duk karnukan gari su sha magani, a sayo shi tare ta hannun malamin dabbobi, a gina rami mai murfi kusa da mahauta. Ranar ce kuma ta dace a duba wanda bai samu allurar haukan kare ba.

Dattijon nan na Dakwaro ya ɗora wa jikansa aikin. Da na koma bayan kaka, yaron ya ja ni bayan garke ya nuna mani ramin. Babban karen har yanzu yakan kauce wani lokaci, amma kwikwiyon yana zuwa da kansa. Juwa tana ɗaukar watanni kafin ta fito, don haka sai baɗi za mu ƙirga tumakin mu gani. Kawunan dabbobi masu juwa dai, yanzu wuta ake sa musu.