Barin Taba Sigari: Hanyoyi da Mataimaka a Ƙasar Rogo

Taba ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa ana noma ta, ana zuƙa a lofe, ana kuma cin garinta da kanwa. Sigari ne ya zo daga baya, ya ƙara yaɗuwa bayan da aka buɗe masana'antarsa a Zariya a 1959. Ƙasar Rogo kuwa, da yake tana iyaka da Jihar Kaduna, ba ta da nisa da wannan gari.

Kuskuren da akan yi shi ne a ɗauka rashin ƙwazo ne ke hana mashayi bari. Alhali kuwa abubuwa uku ne suka ɗaure shi, kowanne da hanyar kwance shi.

Na farko shi ne nikotin, wato sinadarin da jiki ke sabawa da shi. Idan aka daina, akan yi fama da ƙunci, da saurin fushi, da rashin barci. Wannan yakan tsananta a kwana 2 zuwa 3 na farko, sannan ya lafa cikin mako 2 zuwa 4. Akwai cingam da filasta masu nikotin, da ƙwayoyi irin su bupropion da varenicline, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a ƙa'idojinta na 2024. Mai bukata sai ya fara da asibitin garinsu; in abin ya faskara, a tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Na biyu shi ne sabo. Wani bayan tuwo yake kunnawa, wani a teburin mai shayi. Sha'awar takan wuce cikin 'yan mintoci, saboda haka asuwaki ko kurɓar ruwa kan isa a tsallake ta. Ya kamata a tsai da rana, a zubar da sauran kwali, maimakon a ce sai wata rana. Watan azumi dama ce babba, domin wanda ya jure daga alfijir zuwa magariba ya riga ya ci rabin yaƙin. Saura ya ƙi kunnawa bayan buɗa-baki.

Na uku shi ne abokan zama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ya sanar da iyalinsa, da liman, da 'yan majalisarsa, don kada a miƙo masa kara. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, da sha a wuraren taruwar jama'a. Sai dai doka ba ta aiki da kanta. Wannan nauyi yana wuyan ma'aikata da hakimai da dagatai na Karaye da Rogo.

Wanda ya bari ya koma kada ya yanke ƙauna, domin galibi sai an gwada sau da yawa ake dacewa. Ribar kuwa a fili take: shekara ɗaya da bari, haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya yakan ragu zuwa kusan rabin na mai sha.