Kafin ka zauna jarrabawar "kod" a Njamena

Mai sauraro, a shirin wannan mako mun taɓo batun permi, wato lasisin tuƙi. Iya juya sitiyari bai isa ba, sai ka ci jarrabawar dokokin hanya da ake kira "kod". Littafin da Faransanci yake, to ka samu wanda zai riƙa fassara maka.

Fara da siffar alamomi. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ce. In ka ga hoton saniya a ciki, dabbobi na iya tsallakawa. Makiyaya, wannan taku ce! Mai da'ira da jan baki hani ne, shuɗiyar da'ira kuwa umarni.

Dokar da ta fi rikita mutane ita ce ta dama. A mahaɗar da babu danja ko wata alama, wanda ya fito ta hannun damanka shi zai fara wucewa, ko da babur ne kai kuma kana cikin tirela.

Ka kuma san ajin da kake nema. Permi B iyakarsa motar tan 3.5. Babbar motar dakon shanu ko buhunan albasa sai C, tun kafin jandarma ya tare ka a hanyar gadar Ngeli zuwa Kusiri.