Lafiya: Ina Iyakar Ikon Mutum, Ina Na Gwamnati?

A unguwar Zongo ta Wagadugu, idan yaro ya kwana da zazzaɓi, kafin gari ya waye an fara muhawara a tsakar gida. Uwa tana son a tafi CSPS, wato ƙaramin asibitin unguwa, kaka ta ce a fara da jiƙo, maigida kuma ya laluba aljihu ya aika a sayo ƙwaya wajen mai tallar magani a bakin titi. Kowa yana ganin yana da ikon zaɓa, amma mai zazzaɓin ba a tambaye shi ba.

Idan ba a manta ba, a ƙarshen 1984 gwamnatin marigayi Thomas Sankara ta yi gangamin rigakafin da aka kira na kwamando, inda cikin mako biyu aka yi wa yara sama da miliyan 2 allurar ƙyanda da sanƙarau da shawara. A lokacin hukuma ce ke bin yara har ƙauye. Bayan yarjejeniyar Bamako ta 1987 sai lamarin ya juya, ya zama majinyaci ne zai biya kuɗin ganin likita da na magani. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, magungunan da ake shigowa da su suka yi tsada, talaka ya koma wa mai talla. Wannan ba zaɓi ba ne, rashi ne.

Daga baya gwamnati ta fara waiwayowa. A 2006 ta ɗauki kashi 80 cikin ɗari na kuɗin haihuwa, mace ta riƙa biyan sefa 900. A 2016, zamanin shugaba Roch Marc Christian Kaboré, aka mayar da jinyar mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. A Fabrairun 2024 kuma aka shigar da rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yara.

Sai dai kyautar tana da giɓi. A shirinmu na rediyo mata sukan bugo waya su ce an duba yaro ba a karɓi ko dala ba, amma aka ce magani ya ƙare, a je farmasi. Wanda aka rubuta wa takardar da ba zai iya saya ba, gobe da wuya ya dawo.

Wani ɓangaren laifin kuma namu ne. Akwai gidajen da mace ba ta zuwa awon ciki sai maigida ya dawo daga fatauci ya ba da izini. Akwai masu ɓoye yara ranar rigakafi saboda jita-jita. Baligi yana da 'yancin ƙin magani a kan jikinsa, amma wannan 'yanci bai kai kan jikin jariri ba, bai kuma kai ga ƙyandar da za ta tsallaka gidan maƙwabci ba.

Inda gardamar ta fi zafi shi ne inshorar lafiya. Dokar da aka zartar a Satumban 2015 ta wajabta ta kan kowa, aka kafa asusun CNAMU a 2018. Ma'aikaci ana iya cirewa daga albashinsa, amma mahauci da tela da mai sayar da goro fa? Wasu 'yan kasuwa na cewa kuɗinsu ne, su za su san yadda za su yi da shi. Amma asusun da marasa lafiya kaɗai ke zuba wa kuɗi ba ya daɗewa. Kamar adashi ne, sai mai lafiya ya zuba kafin maras lafiya ya kwasa.

Saboda haka idan hukuma za ta ce dole, to wajibi ne magani ya kasance a CSPS ranar da aka zo nema. Mu kuma magidanta, mu bar wa matanmu izini tun kafin mu yi tafiya, mu kuma fito da yaranmu ranar allura. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.