Lissafin insulin a Jiddari Polo: daga kwanon tuwo zuwa gindin randa

Ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta nuna manya miliyan 3.6 ne ke fama da ciwon suga a Najeriya, cikin miliyan 24 na yankin Afirka, kuma kashi 54 cikin ɗari na masu ciwon a yankin ba su ma san suna da shi ba. Saboda haka mutumin unguwar Jiddari Polo ta Maiduguri da ya je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri aka gwada shi, aka ɗora shi a kan insulin, ya tsallake babban shinge. Saura lissafi.

Kwalbar da aka saba gani mililita 10 ce, kowace mililita yunit 100, jimla yunit 1,000. Mai buƙatar yunit 40 a rana, kwana 25 za ta yi masa. Kusan rabin 40 ɗin na riƙe suga ne dare da rana, ragowar kuwa na cin abinci.

Wannan rabon ne famfon insulin yake yi. 'Yar na'ura ce da ake maƙalawa a ƙugu, tana ɗiga magani mai saurin aiki ta siririn bututu a ƙarƙashin fata. Sai dai duk kwana 2 zuwa 3 ake canza bututun, idan ya toshe kuma cikin 'yan sa'o'i jiki zai rikice. Kuɗin famfon dubban daloli ne, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024. A ganina, abin da ya kamata mu ɗauka daga famfon shi ne lissafinsa, domin da allura ma ana yin sa.

Likitoci kan raba 500 da yawan yunit ɗin rana. A raba 500 gida 40, an sami 12.5: kowane yunit ɗaya zai ɗauki giram 12.5 na sitaci. Dafaffiyar shinkafa giram 300 tana da sitaci kimanin giram 84, wato wajen yunit 7 ke nan. Wannan mafari ne kawai, likita ne zai daidaita wa kowa nasa. Matsalar tana gida, inda ake haɗuwa a faranti ɗaya na tuwo ko burabusko, babu mai ƙirga loma. Gara mai ciwon ya sami kwanonsa guda da ya san cikinsa, a riƙa zuba masa a ciki kullum. Idan na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a mai ɗaya ma'aunin, suga ya faɗi, a ba shi abin zaƙi nan take.

Sai zafi. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, wato sai firji, ga Maiduguri kuwa da ta shiga dogon duhu a Janairun 2021 bayan an lalata turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu. Binciken ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva da aka wallafa a 2021, bisa yanayin sansanin Dagahaley na Kenya, ya nuna insulin na jure zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37 har mako huɗu. Bazarar Maiduguri tana haura 40, don haka a sa kwalbar cikin ƙaramin gwangwani mai murfi, a ajiye a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, a kuma rubuta ranar da aka buɗe ta a jikinta.