Yadda Ake Horon Giwa

A ƙasar Paki da Ikara, in damina ta faɗi, manomi yakan ɗaura wa shanunsa karkiya su ja garma. Kowane yaro ya sani ba a sayo bijimi yau a sa shi huɗa gobe. Sai an daɗe ana jansa ana yi masa magana har ya saba. To, can gabas mai nisa akwai wata ƙasa inda giwa ma take yi wa mutum aiki. Sunanta Bama, yanzu kuwa ana ce da ita Miyanma. Can ne sojan Nijeriya da yawa suka je yaƙi daga 1943 zuwa 1945.

Giwar Bama ba ta kai ta dajin Yankari girma ba, kunnuwanta kuma ƙanana ne. Aikinta shi ne jan gumagumai daga kan duwatsu, inda mota ba ta iya shiga. Kowace giwa tana da mahayinta, sunansa uzi.

Ƙaƙa mutum zai sa dabba mai wannan ƙarfi ta bi maganarsa? Wata hanya ita ce a ɗaure ta tamau, a hana ta abinci da barci, a yi ta dukanta har zuciyarta ta karye. Wannan mugunta ce, ba ta kuwa ƙare ba a wasu wurare har yau. Giwar da aka hora haka takan yi aiki don tsoro, wani lokaci ta mutu wajen horon, wani lokaci kuma ta kashe mahayinta.

A 1920 wani Baturen Ingila, James Williams, ya sauka Bama aikin katako. Ya tarad da wani mutumin ƙasar, Po Toke, wanda ya reni wani toron giwa mai suna Bandula da lallashi. Da Williams ya ga kyan halin Bandula, sai ya buɗe makaranta don 'ya'yan giwa da aka haifa a sansani.

Ɗan giwa yakan shiga makaranta yana shekara 5. Akan sa shi cikin shingen itace, a zuro mahayi da igiya daga bisa, ya zauna a wuyansa. Ɗan giwa ya girgije shi. A sake zuro shi, ya sake girgijewa. Haka za a yi ta yi, ba duka. Duk sa'ad da ya tsaya cik, sai a ba shi ayaba, ko tsamiya, ko rake irin wanda ake nomawa a Makarfi. Sannu a hankali ya gane zaman mutum a wuyansa ba cuta ba ne. Sa'an nan a koya masa durƙusawa da tashi, da juyawa dama ko hagu in uzi ya taɓa bayan kunnensa da yatsun ƙafa. Ba a sa shi jan gungume mai nauyi sai ya kusa shekara 18.

Da maraice akan saki giwa ta shiga daji kiwo, gama takan ci ganye da ciyawa kamar kilo 150 a rana. A wuyanta akwai ƙararrawar itace. Da asuba uzi ya bi sawu yana kasa kunne, don ya san ƙarar tasa cikin sauran. Ya kai ta rafi ya cuɗe ta, ya dudduba ko sarƙa ta ji mata ciwo. Da bazara ba ta aiki, in kuwa ta kai shekara 55 an sallame ta ke nan.

A 1944 sojan Japan suka matso. Williams ya kwashi giwaye fiye da 40, da mata da yara 'yan gudun hijira, suka nufi Indiya. Suka iske wani dutse tsaye kamar bango. Mutane suka sassaƙa masa matakai. Bandula ne ya fara hawa, taki ɗaya ɗaya, sauran suka bi bayansa, ba wadda ta faɗi.